Masarar 'Yan Makarantar Wisarachi

Daren da Malam Eleuterio ya dawo Wisarachi da kwanon rufi a bayan alfadarai, ya ji wani abu yana numfashi a cikin aji. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da ajin. Ba minshari ba ne, ba kukan kwaɗi ba. Ɓul, ɓul, sai a yi shiru, sai a ɗauka daga wani lungun, kamar tsofaffi suna gulma a ƙarƙashin ruwa. Ya ja bargo ya rufe kai, ya ce gari ya waye tukuna.

Da safe ya tura ƙofa, tsami ya doki hancinsa. An jingine bencina a bango. Inda yara za su zauna, manyan randuna ne a jere, kowace tana kumfa tana tofar da yawu. A kusurwar da ya bar masara kuwa, buhu ɗaya ne a tsaye. Sauran babu komai ciki, an ninke su tsaf, an danne da dutse.

Masarar nan wasu mata 'yan coci ne suka aiko daga birnin Chihuahua, su ne kuma suka sayi kwanon da ya je ɗaukowa. Ita ce abincin yaran da za su riƙa kwana a makarantar har kaka. Saboda ita ne iyayen da ke can ƙasan kwazazzabai, inda fari ya ƙone gonaki, suka yarda su saki 'ya'yansu su zo karatu.

Malam ya zauna a ƙasa. A haka mai gari, Baba Patrocinio, ya same shi, da sandarsa a hannu, bakinsa har kunne.

"Malam, ka ji yadda suke surutu? Giya ta nuna. Gobe sai rufi."

"Baba, masarar yara ce fa!"

"Ta yara ce mana. Rufin na awaki ne?"

"Ci za su yi, Baba! Ci!"

"Kai ka ce kafin ka dawo in tara maka maza," in ji tsohon. "Da me ake tara maza? Da kyan fuskarka? Tun kakanninmu ba wanda ya taɓa ɗaga katako a gayya maƙogwaronsa a bushe. Mata suka jiƙa ta, ta yi tsiro, suka niƙa har hannuwansu suka kumbura. Da yunwar nan da ake, ba wadda ta kai ko tafi ɗaya gida. Ka je ka gode musu."

Malam ya dubi buhunan da aka ninke. Da ɓarawo ne ma, da ya san inda zai kai ƙara.

Washegari duwatsu suka amayo mutane. Aka watsa wa Ubangiji ƙoƙon farko ta kusurwa huɗu, masu goge suka kama. Maza suka hau kan bango kamar ƙadangaru, ana buga ƙusa ana zolaya.

"Chabelo, kwanon za ka buga, ba yatsana ba!"

"To janye shi mana, ɗan maye!"

Wani ya miƙa wa Malam ƙoƙo. Ya riƙe shi kawai, yana kallon abincin wata da watanni yana gangarawa cikin maƙogwaro. Rufi dai ya yi kyau, ba ƙarya. Kafin rana ta faɗi yana ta walƙiya, randuna kuma sun yi shiru.

Ana buga ƙusar ƙarshe yaran suka ɓullo daga bakin kwazazzabo, sun fi ashirin, da takalman taya, kowa da ɗan bargonsa. Tun asuba suke hawa, iyayen da suka rako su sun juya tun a rafi. Suka tsaya a ƙofar aji suna leƙa ciki, suna haɗiyar yawu.

Marciala, maƙwabciyar makarantar, wadda ta ɗauki nauyin girki, ta jawo buhun nan ɗaya zuwa bakin ƙofa. Ta cusa hannu ciki har gwiwar hannu, ta dubi yaran, ta dubi mai gari, ta dubi Malam.

"To, su wa za a mayar gida, manyan ko ƙananan?"