Kyamarar Hajiya Zeinat

Medhat ya sake zare wayar kyamarar, ya hura mata iska, ya mayar da ita bayan kwamfutar. Shiru. Ya zare, ya juya bakinta, ya sake cusawa. Kwamfutar ko gezau.

"Ta kama?" in ji mahaifiyarsa, Hajiya Zeinat, daga kicin.

"Saura kaɗan, Mama."

"Tun da aka sauko daga asuba kake cewa saura kaɗan. Ƙarfe uku Safwat zai kira, kuma na riga na faɗa wa matan bene."

Safwat ƙanen Medhat ne, yana aiki a Kuwait. Matarsa Nermin ta haifi namiji kwana arba'in da suka wuce, shi ne ya aiko da wannan 'yar kyamara mai kama da ƙwan agwagwa, don uwarsa ta ga jikanta yana motsi. Ita kuwa Hajiya ba ta iya ganin abu ita kaɗai. Ta bi benen nan namu na unguwar Shubra hawa-hawa tana gayya, ta fara da Ummu Ragab ta hawa na biyu, mai jikoki bakwai duk a gabanta, wadda kullum sai ta ce, "Allah sarki Zeinat, ke naki jikan sai dai a ba ki labarinsa."

To, da kwamfutar wani ce, da tuni an gama. Amma Medhat ba ya amfani da abin da jama'a ke amfani da shi. Nasa tsarin kwamfutar Linux ne, kuma ko shi ɗin ma ba ya karɓarsa yadda ya zo. Akwai wani abu can cikin cikinsa da suke kira kanal, shi ne mai gane duk abin da aka jona wa kwamfuta, kamar mai gadin bene da ya san fuskar kowa. Medhat da hannunsa yake haɗa nasa. Sai ya buɗe wani shuɗin allo mai tambayoyi dubbai: a saka abin gane firinta? A saka abin gane kaza? Mutum ya ce e, ko ya ce a'a. Medhat kuwa a'a ce abincinsa. Waɗanda suka je ɗaurin aurensa ma sun ce sai da aka tambaye shi sau biyu. A gidan shayi ba shi da hira sai cewa kwamfutarsa tana tashi cikin daƙiƙa sha ɗaya, don bai ɗora mata kayan banza ba.

Kyamara na cikin kayan banzan. Shekara biyu ke nan da ya ce mata a'a.

Ya ja tsaki, ya buɗe shuɗin allon, ya lalubo layin kyamara, ya danna e kamar ana cire masa haƙori. Sai kuma zuciyarsa ta ƙi kwanciya: tunda ya ƙara nauyi, dole ya rage wani. Ya ci karo da layin da ke gane kibod mai faffaɗan baki, irin bakin filashi.

"Wannan kuma me yake yi a nan? Nawa ai mai zagayen baki ne. Ni na sayo shi da kaina shekara takwas."

A'a. Daɗin abin ya kama shi, ya ƙara wasu a'a goma sha shida, na ƙarshe-ƙarshen ma bai tsaya karantawa ba don ladan ya fara kiran Juma'a. Ya bar kwamfutar tana dafa sabon kanal, fankarta na huci. Masu wannan sana'a duk suna ajiye tsohon a gefe, ko da sabon zai ƙi. Medhat ya ce wannan aikin matsorata ne. Ya sa sabon ya hau kan tsohon, ya zura takalmi ya tafi masallaci.

Ƙarfe biyu da rabi falo ya cika. Mata takwas, faranti biyu na kek ɗin nan mai zaƙi, basbusa, shayi na yawo. Ummu Ragab ta zauna a kujerar da ta fi kusa, ta naɗe hannu.

"To Injiniya, ina jaririn? Ko shi ma sai an cika masa fom?"

"Yanzu za ki gani, Hajiya."

Ya kashe kwamfutar ya kunna, yana duban agogon hannunsa. Daƙiƙa tara. 'Yar koriyar fitila ta kama a goshin kyamarar, wata ta rangaɗa guɗa, Hajiya Zeinat ta gyara zaman gyalenta. Allo ya nemi kalmar sirri. Medhat ya miƙe yatsu kamar mai shirin kaɗa molo, ya buga.

Ko ɗigo bai fito ba.

Ya sake bugawa. Ya bubbuga da ƙarfi. Linzamin kwamfutar yana yawo lafiya lau, amma linzami ba ya rubutu. Ya durƙusa ya shige ƙarƙashin tebur, mata takwas suna kallon bayansa, ya bi wayar kibod ɗin da yatsa har ƙarshenta. Baki faffaɗa.

"Afaf!"

Matarsa Afaf ta ajiye butar shayi a hankali. "Na'am?"

"Wannan kibod ɗin na wane ne?"

"Naka ne mana."

"Afaf."

"To, naka ne tun azumi. Shayi ne ya zube a kan wancan ina goge tebur. Na je na sayo baƙi irinsa, na jona inda ya shiga. Wata uku kana shafa shi kana cewa kayan zamanin da sun fi ƙarko, ni kuwa na ce bari in bar ka da farin cikinka."

Matan suka kwashe da dariya, har wata ta ƙware da basbusa. Hajiya Zeinat ba ta yi dariya ba. Ta dubi agogon bango, uku saura kwata.

"Ka mayar da ita yadda take da safe mana, ɗan nan."

"Babu yadda take da safe, Mama. Na goge." Ya fito da ƙura a gashinsa. "Ina tsohon kibod ɗin? Shi kaɗai za ta gane yanzu."

Afaf ta dubi Ummu Ragab. Ummu Ragab ta kurɓi shayi, ta ɗauki lokacinta.

"Yana kan rufi. Da shi nake danne murfin ɗakin tantabaruna. Nauyinsa daidai ne, kamar don haka aka yi shi."

"Hajiya, don Allah ki ara mini."

"In ara maka, su tashi su tafi Giza? Sai dai ka kai wani ka ɗora."

Haka Medhat, mutumin da ke gyara wa 'yan gidan shayi magana, ya rungumi sabon kibod ya haye hawa uku a guje, ya danne wa tantabaru murfi da shi, ya sauko da tsohon riƙe da yatsu biyu. Abin da tantabaru suka yi masa cikin wata uku ba na faɗa a gaban abinci ba ne. Afaf ta goge da tsumma tana kau da kai. Shi wannan mai zagayen baki ba a jona shi kwamfuta na kunne, sai da aka sake kashewa. Madannan sun daskare da sukari. Ya danna harafi ɗaya ya fito sau biyar, ya goge, ya sake. A karo na uku, da babban yatsa, kalmar sirri ta shiga, ƙofa ta buɗe.

Uku da minti biyu kira ya shigo. Ga Safwat ya yi ƙiba, ga jariri a hannunsa cikin farin zane. Hajiya Zeinat ta dafe ƙirji, hawaye ya zubo mata.

"Ziyad! Kai, ga hancin kakansa!"

Jaririn ya yamutse fuska, ya wangale baki har ana ganin dasashi. Ba a ji komai ba. Safwat ma bakinsa na motsi, babu sauti. Medhat ya tuna a'a goma sha shidan nan, da waɗanda bai karanta ba.

"Wai bebe ne?" in ji Ummu Ragab. "Ga baki a buɗe, ba kuka."

Hajiya Zeinat ta share hawaye, ta dubi ɗanta sau ɗaya, ta juyo.

"Medhat ne ya cire kukan, saboda hawan jinina. Injiniya ne fa. Ni jikana ganinsa nake yi, ba ya fasa mini kai."

Daidai lokacin ihun jikoki bakwai ya taso daga hawa na biyu, da ƙarar wani abu da ya fashe. Ummu Ragab ta kau da kai, ta ɗauki basbusa.

Sai Nermin ta karɓe kujerar Safwat a allon. Ta yi minti goma cur tana magana, tana nuni da hannu, tana lissafi da yatsu. Hajiya na gyaɗa kai tana murmushi, tana cewa, "Haka ne, 'yata. Allah ya yi miki albarka." Matan suka tafi suna cewa ba su taɓa ganin suruka da uwar miji masu jituwa irin wannan ba.

Da falo ya watse, Medhat ya ja kujera ya buɗe shuɗin allon. Wannan karon ya fara ajiye tsohon kanal a gefe, yana waige kada Afaf ta gani. Ya mayar da layin kibod. Ya gangaro layin sauti, ya ɗora yatsa a kan e.

"Me kake yi kuma?" in ji Hajiya, tana tattara kofuna.

"Zan mayar da sautin, Mama. Juma'a mai zuwa ki ji muryarsu."

"Kul. Shekara uku ban taɓa rabuwa da matar Safwat babu ciwon kai ba sai yau. Ka bar shi haka sai yaron ya fara magana."

Medhat ya dubi allon, ya dubi uwarsa. Ya ɗaga yatsan, ya danna a'a. Madannin ya maƙale da sukari, sai da ya sa farce ya ɓanɓaro shi.