Shirun Aku

Daga ɗan akurkinsa a ƙololuwar injin ɗaga kaya, hawa tara daga ƙasa, Direba ba ya ganin inda kayansa ke sauka. Bangon sabon ginin ya tare. Idonsa a can shi ne ƙanin matarsa, wanda ake kira Aku saboda surutu, yana tsaye shi kaɗai a bayan bangon da oba-oba a hannu.

Ƙa'idar aikin tsohuwa ce. Muddin kaya na tafiya, bakin mai ba da hannu ba ya hutawa: sauke, sauke, sauke. Ba a jiran a ce tsaya, don wanda ya shiga uku ba lallai ya samu bakin faɗa ba. Murya ta ɗauke, hannu ya tsaya, shi ke nan.

Ran nan da hantsi, falankin kankare ne a ƙugiya, nauyin mota biyu. Aku na ta rera saukensa, har yana cusa tsiya a tsakani, wai mijin yayarsa ya fi kunkuru nawa. Sai ɗif, a tsakiyar kalma.

Direba ya saki sandar sarrafa injin. Falankin ya tsaya yana lilo. Ya kira sau uku, ba amsa sai shuu.

Sai ga muryar shugaban aiki a ɗaya layin oba-oba, daga inuwar ofis, yana zazzaga masifa. Batirin oba-obar Aku ne ya mutu, in ji shi, ko jiya ma haka aka yi. Saura ƙiris kayan su zauna, ga iska na tasowa, ga motoci uku na jira. Kuma fa bai yi ƙarya ba, jiya batir ne, barin kankare a rataye cikin iska shi ma ganganci ne. Direba ya san duk wannan. Duk da haka bai taɓa sandar ba.

"Ka sauke, ko ka sauko ka ba ni makullin," in ji shugaban.

"Ranka ya daɗe, ban ji murya ba."

Mutumin ya rantse yau aikin Direba ya ƙare, ya taka fuu ya zagaya bangon. Direba na kallon farar hularsa har ta ɓace. Minti ɗaya, biyu. Igiyar ƙarfen na ta kuka a iska.

Da oba-oba ta sake magana muryar shugaban ce, amma duk kaifin ya zube. Ashe Aku zamewa ya yi, ƙafarsa ta maƙale cikin rodi, oba-obarsa ta faɗa rami, ƙarar injina ta haɗiye ihunsa. Yana kwance rigingine, tsakanin ƙirjinsa da kankaren bai fi kamu ɗaya ba.

Direba ya ja sandar a hankali, yana bin muryar shugaban, har falankin ya leƙo saman bango. Can aka kara wa Aku oba-oba a baki, yana haki.

"Mijin Yaya, don girman Allah kada ka gaya mata."

Direba ya buɗe baki zai zage shi, kuka ya riga zagin fitowa.