Bayan Yari Maƙeri

"Ku hid da takardag ga waje," in ji Yari maƙeri, muryarsa da ƙyar take fita. "Mala'iku ba su shiga ɗakin da ad da sura."

Ina tsugune a bakin ƙofa, na zo duba shi, don katanga ɗaya ta raba mu a Ƙofar Kware. Matarsa Dijatu ta yi kunnen uwar shegu da shi.

Takardar nan wani likitan Turawa ne ya ba shi, farkon zamansu a Sakkwato. Wai a ƙasarsu mai koyon zane sai ya iya tsoka da jijiya gaɓa-gaɓa kafin a bar shi ya taɓa fuska. Likitan ya ga Yari yana dukan ƙarfe ba riga, ya zauna ya zana bayansa da gawayi, daga wuya zuwa ƙugu, har da tabon ƙuna na kafaɗar hagu. A lokacin Yari har nuna wa baƙi yake yi. Yanzu da ciwo ya bar shi daga ƙashi sai fata, tsoro ya kama shi.

Aka kirawo Malam Hayatu, limamin unguwa. Ya kai takardar haske, da farko ma a juye ya riƙe ta.

"Sura kai ta, Yari. Wagga ko ba ta da kai."

"Allah gahwarta Malam, ni na. Kowa ya gani ya san ni na."

Malam ya miƙa wa Dijatu. "Ke kih hi kowa saninai. Diba. In kin gane mutum ciki, a sa ta wuta."

Ta daɗe tana kallo. Ni da na sha ganinta tana shafa wa tabon nan man shanu, sai na sunkuyar da kai.

"Ban gane kowa ba, Malam," ta ce. "Baya na kawai."

Yari ya tsura mata ido. Ko sanyi ya ji a ransa ko zafi, ban sani ba. Ya juya ya fuskanci bango.

"To, a bar ta," in ji Yari.

Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Bayan la'asar ya cika, kafin magariba an kai shi.

Washegari na shiga gaisuwa tun mata ba su taru ba, na tsaya daga ƙofa, tausayin Dijatu ya hana ni sallama. Tana zaune a tabarma da takardar a cinya, ta ɗora tafin hannunta tsakanin kafaɗun, kamar mai jiran a waiwayo.