Ɗaki Na Uku

Matar da ke bayan gilashi ko ɗago kai ba ta yi ba. Da bakin biro take bin sunayen, leɓenta na motsi kamar mai jan carbi.

"Ke, mijinki, tagwaye. Huɗu. Ɗaki biyu ke nan."

"Ai 'ya'yana uku ne," in ji Gauhar. "Ga takardar haihuwar babbar nan a ƙasa."

"Na gani. Inju, shekara goma sha uku. A ina take kwana?"

Gauhar ta waiga. Mutanen da ke bayanta a layi har sun fara tsaki.

"A ƙauye, wurin kakarta."

"To ta kakarta ce. Baiwar Allah, mu nan ba haihuwa muke ƙirgawa ba, kawunan da ke kwana a gida ɗaya muke ƙirgawa. Huɗu, ɗaki biyu. Biyar, ɗaki uku. Ki ɗauko ta, ki sa ta makaranta a nan birnin Taraz, ki kawo shaida. In ba haka ba ki karɓi biyunki ki gode Allah."

"To ita kakar fa, in na haɗa da ita?"

Sai a lokacin matar ta dube ta. "Tana da gida?"

"Wani tsohon gidan ƙasa ne, rufin ma yoyo yake."

"Ko akurki ne, in dai da sunanta a kai, ranar da kika sa ta cikinku ranar kun fita daga layi gaba ɗaya. Na baya!"

Gauhar ta fito da takardunta rungume a ƙirji. Shekara da shekaru suna jiran gidan hayar gwamnati mai rahusa, su huɗu a ɗaki ɗaya a bayan gidan wani mutum, inda tukunya da gado da bahon wanka suke gaisawa kullum. Ɗaki biyun ma da rahama ce, ko da yake a lissafin hukuma falo ma ɗaki ne. Amma a faɗi gaskiya, ba ɗaki kaɗai ne ya hana zuciyar Gauhar sakat a kan hanyarta ta komawa gida ba. Abin da ta daɗe tana so, kunya ta hana ta furtawa, shi ne yau wata baƙuwa ta faɗa mata da bakin doka: ki ɗauko ta.

Inju 'yar fari ce, kuma kowa ya san 'yar fari ta kakanni ce. Ko yaye ba a gama ba uwar mijin Gauhar, Kulyash, ta naɗe jaririyar a mayafi ta ce, "Wannan autata ce, ku ku haifi naku." Gauhar na da shekara ashirin a lokacin. Ta sunkuyar da kai kamar yadda ake so, ta tafi bayan garken tumaki ta yi kukanta, ta wanke fuska ta dawo ta zuba wa baƙi shayi. Haka yarinyar ta tashi tana kiran kakarta Apa, wato uwa, tana kiran ubanta Yaya, ita kuwa Gauhar sai ta zama Jenge, wato matar yaya. Ba wanda ya ga aibu a ciki, ita ma ba ta taɓa cewa da aibu ba.

* * *

Mijinta Darmen mutum ne mai ƙarfi, a rijiyoyin mai yake aiki, ya yi sati biyu can ya yi sati biyu gida. Amma a gaban tsohuwarsa ɗan tsako ma ya fi shi baki. Tun a mota yake cewa, "Ni fa ba zan iya ba. Ke ki faɗa."

"Ni kelin ce. Yaushe matar ɗa ta fara buɗe irin wannan magana?"

Suka tarar da Inju a tsakar gida tana fasa kwal, sanye da tsohuwar rigar sanyin kakanta marigayi. Ta yar da gudumar ta rungume Darmen, sannan ta juyo da ladabinta. "Sannu da zuwa, Jenge. Ya hanya?"

Aka shimfiɗa ledar abinci, aka kawo soyayyen baursak mai kama da fanke da man shanu. Gauhar ta durƙusa a gefen buta tana zuba shayi kaɗan-kaɗan a 'yan kwanuka. Kulyash ta kurɓa, ta ƙanƙance ido.

"Kelin, yau shayinki ya yi kauri. Akwai magana a bakinku."

Darmen ya yi ta kewaye-kewaye, ya bi ta tsadar haya, ya bi ta tarin da tagwaye ke yi saboda damshin bango, har dai ya iso inda yake gudu. Tsohuwar ta bar shi ya gama tas.

"Wato kai guda kuke nema," ta ce. "Ga akuyata can, ita ma kai gare ta. Ku rubuta ta."

Ba wanda ya yi dariya.

"Lokacin da take tsala kuka cikin dare, gwamnatin taku tana ina? Yanzu da ta iya hura mini wuta, ta iya karanta mini rubutun jikin magani, shi ne ta zama taku?"

"Apa, ba inda za ni," in ji Inju daga bakin ƙofa.

"Wa ya sa da ke? Je ki duba ruwan zafi."

Da yarinyar ta fita, Kulyash ta daɗe tana juya kwanon shayin a tafin hannunta. Gauhar ta kawar da kai. Tausayi ya kama ta, amma bai kai ya sa ta ce a bari ba.

"Ba za a ce ni na sa jikokina kwana a kan juna ba," tsohuwar ta ce a ƙarshe. "Ku tafi da ita. Amma ki ji da kyau, kelin, aro na ba ku."

* * *

Abin nema ya samu. Hawa na biyar, ɗaki uku, ruwan zafi a famfo, bango na ƙamshin sabon fenti. Tagwaye suka wuni suna tsere daga wannan ɗaki zuwa wancan. Gauhar ta ware wa Inju ɗakin da rana ke shiga, ta ɗinka masa labule mai furanni da hannunta, ta sayo teburin karatu.

Yarinyar ta yi godiya, kuma godiyar ce ta fi komai ciwo. Baƙo ne ke godiya irin wannan. Kafin ta buɗe firij sai ta nemi izini. In ta ci abinci sai ta wanke kwanonta ta kife, ta tambaya ko akwai aikin da za ta taya. Ba ta taɓa yin rashin kunya ba, ba ta taɓa yin shagwaɓa ba, alhali Gauhar da za ta samu ko tsiwa ce da ta karɓa hannu bibbiyu.

Da zarar an yi magariba sai Inju ta ɗauki waya ta tsaya jikin taga, muryarta ta sake kamar ba ita ba.

"Apa, kin sha na hawan jinin? Ƙarya kike, na ji a muryarki. Kin rufe kaji? Kar ki ɗauki bokitin kwal a cike, ki raba shi biyu. Ke dai tsohuwar nan ba kya jin magana!"

Sai a jiyo dariyar Kulyash daga can. Gauhar kuwa tana kicin tana yanka albasar da ba ta buƙata, kishi na cin ta, tana jin kunyar kishin.

* * *

Sanyi ya shigo da ƙarfinsa. A tsakiyarsa ne aka manna sanarwa a ƙofar bene cewa masu duba gidaje za su zagayo cikin watan, ba a faɗi rana ba. Duk benen ya ɗauki ɗumi, don ba a manta da mutanen hawa na biyu ba, waɗanda suka rubuta ɗan ƙanin miji alhali yaron na can wani gari. An zo ba a same shi ba, maƙwabta suka ce ba su taɓa ganinsa ba, aka karɓe gidan. Gauhar da idonta ta ga ana sauko da katifunsu cikin dusar ƙanƙara.

A satin ne Bibinur, maƙwabciyar Kulyash, ta bugo waya.

"Kelin, tsohuwarku fa ta kwanta. Ƙirji ne. Ina leƙa ta safe da yamma, amma ni ma ƙafa ta ƙi. Ba ta ce a faɗa muku ba, sai dai sunan yarinyar nan ba ya fita daga bakinta."

Darmen na bakin aiki, guguwa ta rufe hanyarsu. Kafin Gauhar ta ajiye wayar, Inju ta riga ta sa takalmi.

"Ina za ki?"

"Tasha. Akwai motar la'asar."

"Inju, tsaya. Masu dubawa za su iya zuwa gobe. Ke ce sabuwa a takarda, ke za su fara nema."

"Ki ce musu na je duba mara lafiya."

"Haka na hawa na biyu suka ce! Kina so a watso mana kaya waje? Dubi ƙannenki. Ina za mu da su a wannan sanyin?"

"Jenge, ba ta iya hura murhun ita kaɗai. Sai ta durƙusa, in ta durƙusa kuma ba ta iya tashi."

"Bibinur na nan. Da masu dubawa sun zo sun tafi, wallahi ni da kaina zan kai ki. Kwana nawa ne?"

Yarinyar ta tsaya da igiyar takalmi a hannu. Ta dubi tagwayen da suka leƙo daga falo, ta dubi Gauhar, sannan ta zauna a ƙasa ta cire takalmin a hankali. Tarbiyyar da tsohuwar ta yi mata ce ta zaunar da ita, don ba a koya mata tsallake maganar babba ba.

Gauhar ba muguwa ba ce. Da sassafe ta je kantin magani, ta haɗa da zuma da safar ulu, ta ba direban motar ƙauyen ya kai. Ta buga waya asibitin yankin, suka ce likita zai leƙa in hanya ta buɗe. Ta yi duk abin da ake yi daga nesa. Kullum ta ji taku a matakala sai gabanta ya faɗi, ta ce ga su nan, sai ta ji an wuce sama. A waya muryar Kulyash na ƙara sirancewa, amma ba ta fasa cewa, "Zauna abinki, autata, mura ce. Kar ki jawo wa yayanki asara."

Ranar Juma'a da hantsi Bibinur ta sake bugowa. Ta shiga kai mata romo, ta tarar da murhu a mace, ita ma mai murhun haka.

* * *

A wurin makoki Inju ce ta zauna a sahun 'ya'yan mamaciya. Mata na shigowa suna rungume ta suna cewa, "Allah ya jiƙan mahaifiyarki, 'yar auta." Gauhar na can wurin manyan tukwane tare da sauran matan 'ya'ya, tana kai shayi tana kwaso kwanuka. Ta ji wata tsohuwa na tambaya a hankali, "Wai ina yarinyar take har abin ya faru?" Aka ce mata tana birni, ana ƙirga su. Darmen da matarsa kuwa, kowannensu ya san rabonsa a ciki.

Da aka yi sadakar bakwai suka rufe gidan, suka bar wa Bibinur kaji da akuya, suka dawo Taraz.

Masu dubawar ba su zo ba sai da wata ya kusa ƙarewa. Mace ɗaya ce ma, 'yar matashiya, hancinta ya yi ja don sanyi. Gauhar ta ce ta shigo ta sha shayi, matar ta ce a'a, sauran gidaje da yawa, kuma cire takalmin nan aiki ne. Daga kan tabarmar bakin ƙofa ta leƙa.

"Ku biyar ne ko? Duk kuna nan?"

"Muna nan. Ga babbar, Inju, in kina son ganin ɗakinta da littattafan..."

"Ba sai na gani ba. Sa hannu a nan. Kai, gidanku da ɗumi, kun dace."

Ta juya ta sauka. Ruwan da Gauhar ta ɗora a wuta ko motsi bai fara ba.

Da-na-sani ta lulluɓe Gauhar. Ta rufe ƙofa ta juyo. Inju na tsaye a lungun da ke tsakanin ɗakunan, hannayenta a haɗe a gaba.

"An ƙirga ni?" ta tambaya.

"An ƙirga."

"To."

Ta shiga ɗaki na uku ta tura ƙofar a hankali, yadda ba za ta dami kowa ba. Tun da suka tare akwai ɗan makulli a jikin ƙofar nan, ba wanda ya taɓa kula shi. Gauhar na tsaye ta ji an murɗa shi daga ciki.