Ranar da Guntuwa Ta Ƙi Fita

Shekara ashirin da biyu na yi ina zuwa ofis a kan babur kafin na sayi mota, da na tashi saye kuma sai na sayo wadda ba ta da baya. Irin ƙananan nan ce mai ƙofa biyu, in ka kalle ta daga gefe sai ka ce ana cikin ƙera ta aka kira sallah. But ɗinta, wurin zuba kaya, da kujerun baya ɗaki guda suke, murfin kuma sama ake ɗaga shi. 'Yan majalisar ƙofar gidanmu a Ƙofar Guga suka raɗa mata suna Guntuwa tun ban kashe inji ba.

Hujjar da na ba matata Furera ita ce Inna. Mahaifiyata ce, yanar ido ta rufe mata ido biyu, ba ta iya hawa babur, ga zuwa asibiti. Gaskiyar magana kuwa, na gaji da isa wurin ɗaurin aure da ƙura a gashin ido.

Gidanmu tsohon gida ne, hanyar shiga ɗaya tak, zauren da Baba ya gina. Na rushe shi. Na shigar da motar tsakar gida, sannan na kira Ɗanladi magini ya yi mini get. Ɗanladi ba ya amfani da tef, cewa yake tef na masu shakka ne. Igiyar gugarmu ya kwance, ya auna faɗin Guntuwa, ya ƙara tafin hannu biyu kowane gefe, ya ƙulle.

"Malam Sammani, ko ido rufe ka wuce," in ji shi.

Ya ɗora ginshiƙai biyu na kankare, masu kauri kamar na banki. Kafin siminti ya bushe, man fetur ya yi tashin da ya yi. Na duba albashina, na duba tanki, na koma kan babur ɗina ba tare da na yi wa kowa bayani ba.

Wata biyar Guntuwa ba ta leƙa waje ba. To mai motar da ba ya iya fita da ita, me ya rage masa in ba kwalliya ba? Duk Asabar sai Almu mai gyaran jikin mota ya zo daga Ƙofar Marusa da wani abu na hannu a bayan babur. Ya fara da tayoyi masu faɗi. Da suka leƙo waje, ya ce ba su yi kyau haka tsirara ba, sai ya ɗaura musu kumatun roba, na baya sun fi na gaba kumbura. Ya liƙa baƙin gilas. Daga ƙarshe ya cika but da akwatin sifika, ya ɗaure shi da noti huɗu, ni da ba na jin komai a rediyo sai labarai da tafsiri.

Da la'asar nakan shiga in zauna, in riƙe sitiyari, in ba Inna labarin yadda motar ta koma. Takan ce, "Allah ya sa alheri." Furera kuma ta riƙa shanya kayan yara a kan madubi.

Sai maƙwabcinmu Alhaji Nu'uman ya samo wa Inna kati. Wasu likitocin ido ne suka zo gari, suna cire yana kyauta, ranar Litinin ce ta ƙarshe. Wanda bai isa ƙarfe takwas ba, sai baɗi in da rabo. Inna ta yi kwana uku tana shafa katin nan a ƙarƙashin matashi.

Litinin ƙarfe bakwai na zuba mai lita biyar daga galan, na ce su dakata in fitar da mota tukuna. Na yi bismillah, na sa giya.

Kumatun gaba suka shige da ƙyar, suna kuka. Da mai hankali ne da ya tsaya nan. Ni sai na ƙara totur. Na ji ƙum! Na baya sun cije da ginshiƙai. Na sa ribas, na gaba suka ƙi komawa, sun zama kamar ƙugiya a bakin kifi. Na tura ƙofa, ta buɗe kamar faɗin yatsa ta daki kankare. Ta ɗaya gefen ma haka. Na sauke gilas, ga aikin Ɗanladi dab da hancina.

A lokacin na tuna igiyar guga ba ta taɓa ganin kumatun Almu ba.

Na toshe hanyar gidan ke nan gaba ɗaya. Ni a ciki, Inna da Furera a bayana, gari a gabana.

Alhaji Nu'uman ya iso da carbinsa, ya sunkuyo ta gilas ɗin gaba.

"Malam Sammani, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya Inna da jiki?"

"Lafiya lau, Alhaji."

"Madalla. Fita za a yi ko shiga?"

Kafin in amsa 'yan majalisa sun taru, kowa da fatawarsa. Wani ya ce a sace iskar taya. Aka sace, motar ta yi ƙasa, faɗinta na nan. Wani ya ce a zuba ruwan kuɓewa. Aka kira Ɗanladi a waya, ya ce yana Batagarawa kan aiki, kuma a gaya mini shi dai awonsa daidai ne. Almu bai ɗauka ba.

Bakwai da rabi. Rana ta fara dukan rufin, zufa ta jiƙa mini babbar rigar da na sa don likitoci su san Inna ba ta rasa gata ba. Ta madubi ina hango ta zaune kan kujerar tsakar gida, ta sa mayafinta na zuwa biki, katin a hannu biyu. Sai shafa shi take yi. Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Furera ta ɗaga murfin but.

"Baban Ramla, ka fito ta nan mana."

"Sifika ta tare."

"To a cire."

"Noti huɗu ne, sai Almu."

Ta tafi. Na ɗauka fushi ta yi, sai ga ta da taɓarya. Na buɗe baki in ce katakon akwatin na ƙasar waje ne, na rufe. Duka shida ta yi masa, kuma daga yadda take saukewa na gane ba yau ta fara tunanin ba. Ta kwashe guntayen, ta kwantar da kujerun baya.

Na fara shirin rarrafowa da tumbina, sai na ji muryar Inna kusa.

"Kai wannan, tsaya inda kake." Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. "In ka hito, wa za ya ja ta? Hurera, kama ni."

Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu ta hau ta but da gwiwoyinta, tana laluben hanya, ta kwanta a gicciye kamar buhun gero. Furera ta biyo ta, ta ja murfin.

"Inna, in na matsa, duk kwalliyar za ta tafi."

"Ni ban taɓa ganinta ba. Tahi."

Aka kawo famfon mai faci aka mayar da iska sama-sama. 'Yan majalisa suka watse gefe. Na rufe ido, kamar yadda Ɗanladi ya ce zan iya, na taka totur har ƙasa.

Ƙarar da ta yi, an ce har masu shayi na bakin titi sun miƙe. Kumatun baya suka tsaya a get, madubin dama ya bi su, fenti ya kwaile tun daga ƙofa har wutsiya. Muka fito.

Takwas saura minti huɗu muka isa. Inna ce ta biyun ƙarshe a layi.

Washegari aka cire mata bandeji a ido ɗaya. Na riƙo hannunta zuwa inda na ajiye mota. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta zagaya ta baya, ta dawo.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Inna."

"Ina sauran?"

Yanzu Guntuwa tana shiga get ta fita ba ta taɓa komai ba, har da ragowar tafin hannu biyu kowane gefe. Ɗanladi ya zo ya gani da idonsa, ya ce ai ya faɗa.