Minti Bakwai na Ladidi

"Wannan ba ta yi ba," in ji Malam Jatau, ya nuna allon kwamfutar da haɓarsa. "Dubi bakinta. Ta gama magana, sannan muryar ke biyowa."

Na matso da kujera na duba. Gaskiyarsa. Ga marigayiya Ladidi, matarsa, tsaye gaban tukunya a wani gidan biki. Sai da ta rufe baki aka ji "a ƙaro itace," kamar wata ce ta faɗa daga bayan katanga.

Ni tela ne. Shagona jingine yake da nasa a Tudun Wada, nan Gusau, gidajenmu ma katanga ɗaya ce ta raba su. Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna, daga Tsafe har Bungudu babu inda bai shiga da kyamararsa ba. A shekarar casa'in da takwas ya sayar da babur ɗinsa ya sayo tsohuwar kwamfuta a Kano. Da daminar shekarar da ta biyo baya ciwon hanta ya kama shi. Likita bai ɓoye masa komai ba, shi ma bai ɓoye mini ba.

Ladidi ta rasu 'yarsu Suwaiba tana da shekara tara. Mai girkin biki ce, kuma ba ta taɓa yarda a ɗauke ta hoto ba. To amma kusan duk bikin da ya je aiki tana can wajen murhu, kyamara takan gifta ta kanta. Yanzu Suwaiba tana aure a Bungudu, cikinta ya tsufa. Shi ne ya bi gidajen mutane da kumburarrun ƙafafu, 'Yandoto, Rawayya, Tsafe, yana aro kasakasan da ya ɗauka musu sama da shekaru goma da suka wuce. Kaset goma sha ɗaya ya samo. Daga ciki ya tsinto guntaye goma sha tara ya zuba a kwamfuta, wani ma bai kai numfashi uku ba. Abin da ya rage a haɗe su, a juya su su zama irin wanda ake sa wa a faifai.

Abokinsa Muhammad Sani ya aiko masa da faifai daga Kano, ɗauke da manhajoji uku na kyauta. Ta farkon ce ke barin murya a baya. Ta biyun tana da sauri, amma sai ta shimfiɗa wani rubutun Turanci a tsakiyar hoto, daidai kan fuska.

"Kyauta ce, amma sai sun yi talla da goshin matata," ya ce. Ya rufe ta.

Ta ukun ba ta da kyan gani ko kaɗan, akwatuna ne da lambobi kawai. Ya gwada ta da guntu ɗaya. Muka jira har na gama kafa aljihun riga biyu. Da ta fito, baki da murya sun tafi tare.

"Ita ce," ya ce. "Sai dai duka aikin zai ci awa goma sha ɗaya. In wuta ta ɗauke ko da saura minti ɗaya, an koma farko."

"Malam, mi zai hana a kai Kano? Can akwai masu manyan injuna."

"Su san wace ce Ladidi cikin mata arba'in? A'a, Mu'azu. Nan za a yi shi, kuma zai yi. Kai dai ara mini janaretonka."

Ya ɗauki kwalin da nake yanka samfurin wuyan riga, ya rubuta mini matakai shida a bayansa: abin da zan danna in ta gama, da yadda zan sa faifai. Ya sa na maimaita sau uku. Na ce ai shi zai yi da hannunsa. Ya ce, "Haka nake fata. Amma ka iya. Kuma ranar suna za a ba Suwaiba, ba kafin nan ba."

Ranar Alhamis da ƙarfe bakwai na safe muka tayar da janareto, Malam Jatau ya danna. Ya zauna yana kallon layin da ke cika a hankali a kan allon, har ya sha kunu rabin kofi. Da hantsi ya fara aman jini. Ƙanensa Ɗanlami ya zo da mota don a kai shi asibiti. Muna ɗaga shi ya kama hannun rigata.

"Kar ka kashe injin nan."

Kafin azahar ya cika.

Aka dawo da shi gida, aka fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, janareto yana ta ruri a gefe. Na ga dattawa suna kallon juna. Ɗanlami ya zo ya tsaya kusa da ni, idonsa ja.

"Malam Mu'azu, a kashe wannan abin. Mutane suna magana."

"Ba zan kashe ba, Ɗanlami. Ka ji abin da ya ce a bakin mota."

Sai ya je ya samo doguwar waya, muka canza wa injin wuri ba tare da ya mutu ba, muka tura shi lungun bayan shago. Na cika masa tanki, na kulle ƙofa, na bi gawa. Ina cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi.

Gab da magariba layin ya cika. Na bi kwalin mataki-mataki da ƙasar maƙabarta a farcena. Faifan ya fito da ɗuminsa.

Suwaiba ta zo zaman makoki, ban ce mata komai ba. Bayan sati biyu ta haifi mace. Ranar suna, da aka watse daga raɗin suna, na kira mijinta gefe. Ya aro na'urar faifai a maƙwabta ya jona da talabijin a ɗakinta.

"Baba Mu'azu, mene ne?"

"Saƙon babanki ne."

Minti bakwai ne duka. Ladidi tana tuƙa tuwo. Ladidi tana gyara ɗaurin kallabi. Ladidi ta wuce da tire a ka, rabin jikinta kawai. Matan da ke ɗakin suka daina hira. A guntu na ƙarshe ta waiwayo ta kama kyamarar tana kallonta, ta ɗaga ludayi kamar za ta jefo, dariya ta ƙwace mata. Daga bayan kyamarar aka ji muryar Malam Jatau, yana da ƙuruciya, yana cewa, "To, to, na daina."

Allon ya koma shuɗi. Suwaiba ta sauko daga kan gado da jaririyar a kafaɗa, ta zauna a kan tabarma dab da talabijin ɗin.

"A sake sa shi," ta ce.