Jinin Zinatu

Zinatu na tsakiyar daka ta ji ɗumi yana bin cinyarta. Ba sai ta duba ba. Tun farkon damina jinin yake zuwa mata ba a lokacinsa ba, har leɓɓanta suka yi fari, taɓarya ta fara yi mata nauyi. Ta sha jiƙo, ta sha rubutu, ta tsuguna a kan hayaƙi, duk a banza.

Maƙwabciyarta Ya Gana, mai sayar da man shanu, ta leƙo ta kan danga.

"Ƙanwata, irin ciwona ne fa. Da ɗana ya kai ni asibiti a Azare, likita ya ce ɗan tsiro ne a mahaifa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Suka sa ni barci suka kankare shi. Ga ni garau."

Da la'asar Zinatu ta durƙusa gaban mijinta Kashim, yana gyaran komarsa ta kamun kifi, ta faɗa masa.

"Likitan namiji ne?"

"Namiji ne, Maigida."

"Wato so kike Katagum kaf a riƙa nuna ni, ga wanda ya kai matarsa wani ƙato ya buɗe ta?"

Goggo, mahaifiyarsa, ta tofar da tuƙar goro. "Ciwon gishiri ne ya fito mata. A kira Babayo wanzami ya yanke, kowa ya huta."

Zinatu ta so ta ce ai Babayo ma namiji ne. Sai ta miƙe ta koma gindin turminta.

* * *

Mata uku suka danne ta a bayan ɗaki. Babayo ya zura aska inda idonsa ba ya gani, ya yanka. Ihunta sai da ya kai bakin kogi.

Jinin bai tsaya ba. Da raunin ya fara kamewa kuma, sai ta ga fitsari yana zubo mata, tana zaune ko tana kwance, ba ta da ikon riƙe shi.

* * *

Kafin kaka an mayar da ita bukkar da ake ajiye harawa, aka zuba mata yashi a ƙasa. Goggo takan toshe hanci da gefen mayafi, ta turo kwanon tuwo da ƙafa.

Wata safiya ta ji muryar Kashim a zaure, abokansa masunta suna tambayarsa mai jiki.

"Da sauƙi," in ji shi. "Ai mun yi mata magani."

Zinatu ta matsa gefe, tana laluben inda yashin bai jiƙe ba.